Komowar Isra'ila da Sunan Allah a Annabcin Ezekiyel

A ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya akwai Maguzawan da suka karɓi addinin Kirista, suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Daga cikin wuraren da fassararsu ke jawo muhawara akwai sura ta 36 ta littafin Ezekiyel, inda aka yi alkawarin tattaro Isra'ila daga cikin al'ummai.

Bari mu fara da tarihi. An kwashe Ezekiyel zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan kimanin shekara goma kuma Nebukadnezzar ya rushe Urushalima da Haikalinta. Ga mutanen wancan zamani, faɗuwar birni alama ce ta gazawar abin bautarsa. Saboda haka duk inda kamammun suka shiga sai a riƙa yi wa Ubangijinsu ba'a, ana cewa ya kasa kare ƙasarsa.

A nan ne Bahaushe ya fi saurin ganewa, domin a wurinsa suna ya wuce abin da ake raɗa wa jariri ran bakwai. Mutunci ne, shi ya sa ake cewa wane ya ɓata sunan gidansu. Abin da aya ta 22 ke nufi ke nan: dalilin komowar shi ne tsarkake sunan da aka ɓata, jama'ar kuwa ba su da wata cancanta da za su yi taƙama da ita. Ayoyin da ke biye sun haɗa komowar da wankewa daga ƙazanta da samun sabuwar zuciya.

Masana sun kasu uku. Na farko sun ce alkawarin ya cika lokacin da Sairus, Sarkin Farisa, ya ba Yahudawa izinin komawa a 538. Na biyu, wato yawancin malaman coci na dauri, sun ɗauke shi a kan tattaruwar masu bi daga kowace kabila. Na uku su ne mabiyan John Nelson Darby, waɗanda ra'ayinsu ya bazu ta Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909. Bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948 magadansu suka ce ga cikar annabci.

To, wanda ya riƙi fassara ta uku akwai tambaya a gabansa. A yaƙin 1948 Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, cikinsu har da Kirista. Idan sharaɗin surar shi ne al'ummai su ga tsarkin sunan, ba zai yiwu a ɗauki aya ta 24 mai maganar ƙasa a bar ta 26 mai maganar zuciya ba.

Wannan batu ya shafi mai wa'azi a Kibiya kai tsaye. Shi da maƙwabcinsa Musulmi kalma ɗaya suke kira, wato Allah, kuma kasuwa ɗaya suke ci. Duk abin da ya jingina wa wannan suna a kan mumbari, maƙwabcin zai ji, kuma da shi zai auna littafin da mai karanta shi.