Ɗalibin Jarida da Kasuwar Alhamis

Shirinmu na musamman yau daga Gagarawa Tasha yake zuwa muku, kuma da ɗaliban aikin jarida na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar za mu yi magana, musamman masu burin a ji muryarsu wata rana suna kawo labaran duniya.

Burin nan gado ne. Tun ranar 13 ga Maris 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, Bahaushe yake kasa kunne ya ji wainar da ake toyawa a duniya. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. To idan lokacin koyon sanin makamar aiki ya zo, wato shirin SIWES da Asusun ITF ke kula da shi, sai hankalin ɗalibi ya tafi Abuja. Guraben can kuwa kaɗan ne, masu nema da yawa.

Ɗalibai, ga shawararmu: ku fara daga Maigatari.

Ku shiga kara ranar Alhamis da hantsi. Ga raƙuma da shanu da aka koro daga Damagaram, ga dillali riƙe da igiya yana cewa albarka, ga ɗan canji a gefe da ɗaurin naira da na sefa yana danna waya ya ji yadda farashi ya kwana. Duk abin da shugabanni suka yanke a Abuja ko Yamai, a wajen mutanen nan yake fara bayyana.

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu. Da aka tashi buɗewa a Disambar 2020, Maigatari na cikin huɗun farko, tare da Seme, Illela da Mfum. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyaka ta sake rufuwa, sai a Maris 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Yaya wannan ya shafi kuɗin rago? Yaya dangin da iyaka ta ratsa tsakaninsu suka yi da biki da ta'aziyya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; wakilin da aka turo daga nesa zai daɗe bai gano abin da ɗan garin ya tashi da shi ba.

Haka zoɓon da matanmu ke ɓarewa yake kaiwa har Meziko, riɗinmu ya tafi Japan da Turkiyya. A nan Gagarawa ma, gonar raken kamfanin Lee na 'yan asalin ƙasar Sin ta jawo doguwar muhawara kan filaye da diyya. Duk waɗannan labaran ƙasa da ƙasa ne.

Saboda haka ku nemi gurbi a Rediyon Jigawa, ko Freedom Radio ta Dutse, ko gidajen rediyon Kano. Idan kun samu, kada ku ƙare watanninku a kujerar ɗakin labarai kuna jiran a aike ku. Ku tunkari edita da labari a hannu, ku roƙi minti biyu. Ku riƙa fassara labaran kamfanonin dillancin labarai zuwa Hausa kullum, har hannu ya faɗa. Ku koyi Faransanci, don da shi gwamnatin Nijar ke fitar da yawancin sanarwarta.

Ku kuma yi taka-tsantsan. Idan dillali ya ce dabba ta yi tsada, ku ji ta bakin mai dabba da mahauci. Saƙon WhatsApp ba majiya ba ne. Ku tafi da takardar shaida daga makaranta, ku gaida shugabannin kasuwa, kada ku ɗauki hoton shingen jami'an tsaro ba izini. Hukumomin Nijar sun dakatar da Rediyon Faransa (RFI) a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, don haka kalma guda a labarin iyaka tana da nauyi. Kowane rahoto kuka haɗa, ku adana shi. Ranar neman aiki, shi za a ce ku kawo.

Editocinmu, ku ba yaran nan kuɗin mota, ku gyara musu rubutu, ku saka muryarsu a iska. Iyaye kuma ku bar 'ya'ya mata su fita wannan aiki, domin akwai gidajen da mace kaɗai za ta shiga ta jiyo gaskiya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a. Mu kwana lafiya.