Gidan Peckover: Tsohon Ginin Bulo Da Doka Ta Hana A Taɓa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, akwai wani gida a Ingila wanda fuskarsa ba ta faɗin abin da ke cikinsa. Gidan Peckover ke nan, a bakin kogin Nene, cikin Wisbech, wani tsohon garin kasuwa na lardin Cambridgeshire.

An gina shi a shekarar 1722. Ƙasar wajen fadama ce, dutsen gini ya yi wuya, yumɓu kuwa ga shi birjik, saboda haka magina suka dogara ga gasasshen bulo. Jikin bangon na bulo ne mai ruwan ɗorawa, sa'an nan aka zagaye bakin tagogi da jan bulo, watau launin bulon shi ne adon. Hawa uku ne. Kowane hawa na sama yana da tagogi biyar a jere, ƙofar shiga kuma tana tsakiya sosai, abin da ke dama shi ne ke hagu. Tagogin ba a buɗe su kamar ƙyaure, turawa ake yi su zame sama ko ƙasa.

Sai mutum ya shiga ciki zai sha mamaki. An lulluɓe bangon ɗakuna da katako, an yi wa rufi zanen farar ƙasa mai ganye da furanni, an kuma sassaƙa ado a bisa murhun jin ɗumi. A baya akwai lambu mai faɗin eka 2, kewaye da katanga.

A ƙarshen ƙarni na 18 wani attajiri mai banki, Jonathan Peckover, ya sayi gidan, har aka riƙa kiransa Gidan Banki. Zuriyarsa ta zauna ciki fiye da shekara 150, kafin ya koma hannun ƙungiyar National Trust mai kula da kayan tarihi a 1948.

Yau gidan yana aji na ɗaya cikin gine-ginen da dokar Ingila ta kare. Duk wanda ya rushe bango ko ya sauya taga ba da izini ba, ya yi laifin da zai kai shi gaban alƙali. Dalili kuwa shi ne, sabon bulo yana kasuwa, amma aikin maginan 1722, in ya faɗi, ba mai mayar da shi.