Gayyar da ba ta taɓa rumbun mai gida

A Amurka akwai masu aikin sa-kai, akasarinsu dattawan da suka ajiye aiki, da ke yawo cikin mota mai ɗaki, wadda aka yi wa gado da murhu da tankin ruwa da makewayi. Abokai kan haɗa ayari su nufi garin da ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976, ke gina wa marasa ƙarfi gidaje, su yi kamar mako biyu suna aiki, sannan su kama hanya. Irin wannan mota ta fi ƙarfin aljihunmu, amma dabarar da ke cikinta ba ta fi ƙarfinmu ba: mai taimako ya zo da makwancinsa da abincinsa, wanda aka zo taimaka wa bai kashe ko dala ba.

Ba wanda zai koya wa mutumin Damagaram gayya. Mai gona ya yi shela, samari su fito da hauya, makaɗi na zuga su, mata na dama fura. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka gina azuzuwa aka dasa itatuwa da wannan ƙarfin. Sai dai gayyar gargajiya ta maƙwabta ce, kowa gidansa yake kwana, ciyarwa kuma a wuyan mai gayya take. To ina wanda ba shi da abin ciyarwar? Daminar 2024, wadda a Satumbarta tsohon masallacin unguwar Birni na tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe, ta kwantar da ɗakunan ƙasa da rumbuna a ƙauyuka da dama. Gyaran ɗaki da yaɓe kuwa aikin rani ne zuwa bazara, daidai lokacin da rijiya ke ja baya, hatsi ke ƙarewa. Samari ashirin da suka sauka a irin wannan gari hannu rabbana baki ashirin ne, kuma kunya za ta sa mai gari ya yanka akuyar da aka ajiye don sayen iri. Da yawa cikin masu buƙata sun gwammace su yi shiru da su kira gayyar da ba za su iya ɗauka ba.

Nan ne 'yan fada suka shigo. A unguwannin Damagaram irin su Zango da Birni da Garin Malam da Kara-Kara ba a rasa fada, abokai ne da suka saba haɗa kuɗin shayi da sukari, wasu har da adashe. Idan suka ɗauki shatar mota guda, suka loda tabarmi da gidan sauro, buhun gero, tukunya da gawayi, shebur da kwandon ɗaukar ƙasa, sun sami motarsu mai ɗaki. Kada a manta da jarkokin ruwan sha. Wanda ya tashi a birnin da ake jiran ɗan garuwa tun asuba ya san abin da ruwan mutum ashirin ke nufi ga rijiya ɗaya. Unguwar Zango kanta a da masaukin fatake da ayarin Abzinawa ce a bayan ganuwa, mutanen da ba sa fita sai da guzuri.

Wani zai ce zuwa da tukunyarka garin mutane cin fuska ne, tunda baƙo rabon mai gida ne. Maganin wannan ladabi ne: a fara sauka ƙofar mai gari, a sha furar maraba, in an dafa a ci tare. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa saurayin da ba shi da aikin yi bai kamata ya yi wahalar banza ba, alhali akwai ayyukan raya karkara da ke biyan kuɗi kan haƙar ramukan tare ruwa, kuma baƙi na iya ƙwace wa maginin gari abincinsa. Akwai gaskiya a ciki. Bai dace a kai gayya inda ake biyan lada ba, kuma aikin baƙo shi ne kwaɓa ƙasa, buga tubali da miƙa wa magini, shi kuwa maginin a biya shi haƙƙinsa. Gonakin Magariya da Matamaye da Mirya shaida ne cewa ya kamata ragamar aiki ta zauna a hannun mutanen gari. Gawon da ya sake rufe su tun daga shekarun 1980 manoma ne suka raine shi daga tohon da ke fitowa a gonakinsu, har ana ƙiyasta kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, alhali da yawa cikin itatuwan da ake dasawa a bikin 3 ga Agusta kan bushe saboda wanda ya dasa ya koma gida. Aikin da ke ɗorewa shi ne wanda mutanen gari suka zaɓa suke kuma jagoranta.

Don haka, ya ku shugabannin fada, kafin hadari ya fara haɗuwa ku tura mutum biyu ƙauye ɗaya su tambayi mai gari abin da ya fi damun jama'arsa. Ku lissafa kuɗin mota da na hatsi tun kafin ku sa rana. In guzurin bai cika ba, ku rage yawan masu tafiya.