Marigayi abokinmu da darasin lissafin da ya bar wa 'yan kasuwa

Shekara guda ke nan da Allah ya yi wa wani abokinmu rasuwa, tsohon malamin lissafi wanda bayan ya yi ritaya ya koma zaman rumfa a Maraɗi, yana taya fataken da ke zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya duba littattafan cinikinsu. Bai bar dukiya ba, amma ya bar mana ra'ayoyi game da ilimi waɗanda muke ganin kowane ɗan kasuwa zai amfana da su.

Marigayin ya kasa sani gida uku: abin da aka faɗa maka, abin da ka gani da idonka, da abin da za ka iya tabbatarwa ko a gaban wanda ba ya ƙaunarka. A ganinsa lissafi ne kaɗai ke kai mutum mataki na uku, domin biyu da biyu huɗu ne a Illela, huɗu ne a Birnin Ƙonni, kuma babu jami'in kwastan da ya isa ya tare shi a kan iyaka. Shi ya sa ya tafi a kan cewa ba ɗan Adam ya ƙago lambobi ba, tarar da su ya yi, sunaye kawai ya raɗa musu.

To, a wajen sunayen nan ne rikici ke shigowa. In mai kaya ya ce "ɗari" a Jibiya, naira 100 yake nufi. In ya faɗa a Maraɗi, dala ɗari ce, wato sefa 500. Kalma ɗaya, kuɗi biyu. Don haka yakan gargaɗi matasa cewa kafin a yi sallama a tambaya: ɗari na me?

Haka kuma yakan ce lissafi ba ya ƙarya, sai dai yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Misalinsa shi ne watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da kashi 50 cikin ɗari: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Masu cewa rabi ne kawai ya tafi sun wayi gari kuɗin sayo kaya daga Faransa ya ninka. Daga nan yakan jawo hankali ga wanda ya sari buhu a kan jikka 20, ya sayar jikka 23 yana murna, alhali sabon buhu ya kai jikka 25. Takardun kuɗinsa sun ƙaru, amma jarinsa ya ragu. Tambayar gaskiya, in ji shi, ba nawa na samu ba ce, a'a, buhu nawa kuɗina zai sayo yau.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a ce lissafi kayan Nasara ne. Yakan tuna mana da Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, inda ya ba da fili mai yawa ga rabon gado da wasiyya, ya kuma taɓo ciniki. Yakan ambaci Muhammadu Alkashinawi, malamin nan Bakatsine wanda ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kakanninmu ma da wuri suka yi fatauci har Gwanja, suna ƙirga shi dubu-dubu.

Ba kullum muke yarda da shi ba. Wasunmu na ganin kasuwa sai da sa'a da sanin jama'a, abubuwan da alƙalami ba ya kamawa. Bai musa ba, sai dai yana ganin amana tsakanin ubangida da yaronsa ta fi daɗewa in akwai rubutu, tun da mantuwa ta fi ha'inci raba abokan ciniki.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu da su riƙe littafi, su kuma bar yaransu su koyi lissafi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.