Kafin a Sayi Tirelar Soja a Gwanjo

Da Bahaushe ya ji an ce tirela, hankalinsa kan tafi ga doguwar motar da ke kwasar shanu daga Potiskum zuwa Legas. To ba ita ake nufi a nan ba. Wannan ƙarama ce mai taya biyu, ba ta da inji, sojoji ke ɗaura ta a bayan jif ko babbar mota su loda mata tantuna, janareta ko jarkokin mai. Idan rundunar sojan Amurka ta gama cin moriyarta sai a kai ta gwanjo, kuma tun 2014 kamfanin GovPlanet ke sayar da irinsu ta intanet. Manoma da masu yawon daji ke rububinsu, domin ƙarfe ne na gaske a farashi mai sauƙi.

Sai dai a hoto duk kamarsu ɗaya, kuma nan ne mutane ke yin kitso da kwarkwata. M416, wadda jif ɗin M151 ya riƙa ja a zamanin yaƙin Biyetnam, kwatan tan take ɗauka. M101 tana ɗaukar kashi uku cikin huɗu na tan. M105 kuwa giwa ce: domin babbar motar M35 aka ƙera ta, kayanta tan ɗaya da rabi ne, ita kanta ba kaya ta haura tan guda. Birkinta da iskar da motar ke turo masa yake aiki. Wanda ya saye ta da niyyar ja da Hilux zai tarar ba shi da iskar, ga zoben ɗaurawar ya yi wa bayan motarsa tsayi. Ko sunan ma yana yaudara, don sojan Kanada suna da tasu M101, amma ita 'yar kwatan tan ce, ƙanwar ta Amurka nesa ba kusa ba.

Abin da ke raba gardama shi ne ɗan farantin ƙarfen da aka kafe a jikinta. A kansa ake buga samfuri, da kamfanin da ya ƙera, da shekara, da nauyi, da lambar rajistar kayan soja mai alƙaluma 13. Lamba ɗaya na iya sauya ciniki: M101A1 birkin hannu kawai gare ta na ajiyewa, ita kuwa M101A2 tana da birkin da ke kama kansa idan motar gaba ta rage gudu. Idan babu farantin, ko fenti ya shafe shi, mai sayarwa na da bayanin da zai yi.

Daga nan sai a shimfiɗa buhu a shiga ƙarƙashi. Tsatsar da ke saman bodi ba abin tsoro ba ce. Wadda ta ci shasi, ko wurin da sifirin ya kama, ita ce mai kashe kuɗi. Sabuwar walda a wuyan tirela alama ce ta taɓa karyewa. Sababbin samfura, M1101 da M1102 na motar Humvee, da alminiyon aka yi bodinsu, don haka tsagewa ake nema a jikinsu, ba tsatsa ba. A ɗaga taya da jak a juya ta, a girgiza: gurnani ko rawa na nufin boris ya gaji.

Tayoyin soja sun iya ɓoye tsufa, saboda yawancinsu a ajiye suka shekara, zanensu bai ko goge ba. Alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke jikin taya ne ke tona asiri: 2312 na nufin mako na 23 a 2012. Wilin M105 mai zobe ne, irin wanda kan fizge ya illata mai faci idan ba a zaunar da shi daidai ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna taruwa. Fitilun na bolt 24 ne, batirin ƙaramar mota kuwa 12, sai an canza ƙwai da soket. Man birkin soja DOT 5 ne, ba a gauraya shi da DOT 3 na kasuwa. Fentin CARC da sojoji ke shafawa ƙurarsa na cutar da huhu, bai kamata a kankare shi ba takunkumi ba.

Takarda kuma ba a wasa da ita. A Amurka da fom ɗin SF-97 ake neman shaidar mallaka, kuma wasu kayan sai an sa hannu kan inda za su ƙare kafin a sake su. Wanda ya yi nasarar shigo da tasa Nijeriya, to ya tanadi kuɗin mai fenti, domin dokar 1977 ta hana farar hula amfani da koren launin soja a jikin abin hawa.