Cututtukan Numfashi Ga Masu Wankin Ƙoda

Lalle ne mai karatu ya sani cewa mutumin da ƙodarsa ta gaza, har likitoci suka hukunta cewa babu makawa sai an riƙa wanke masa jini da inji, ya shiga wani hali wanda mai lafiya ba ya saurin fahimtarsa, domin a bisa galibi sau 3 yake zuwa asibiti a kowane mako, ya kwanta wajen awa 4 jininsa na fita ta bututu yana komawa, ga wani majinyaci a damansa ga wani a hagunsa, dukkansu suna shaƙar iskar ɗaki guda. To, in annobar numfashi ta sauka a gari, ana umartar jama'a su nisanci cunkoso. Amma shi wannan bawan Allah ba shi da ikon ƙaurace wa taron, saboda rayuwarsa tana rataye da shi.

Hujja a kan haɗarin wannan hali ta bayyana a lardin Al-Ahsa na gabashin Saudiyya a shekarar 2013, sa'ad da cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a 2012 kuma aka danganta asalinta da raƙuma, ta ɓulla a wasu asibitoci, aka tabbatar da ita a jikin mutum 23, 15 daga cikinsu suka rasu, sashen wankin ƙoda kuwa yana cikin wuraren da ta fi yaɗuwa. Da Korona ta zo a 2020, ƙididdigar da aka tattara a Turai ta nuna cewa kimanin ɗaya cikin biyar na masu wankin ƙoda da suka kamu a farkon annobar ba su tashi ba.

Dalilan wannan tsanani ba ɓoyayyu ba ne. Dattin da ƙoda ta kasa tacewa yana raunana garkuwar jiki, ga shi kuma akasarin waɗannan majinyata dattawa ne masu fama da ciwon suga ko hawan jini. Amma abin da ya fi ba likita wahala shi ne shubuhar alamomi, domin mai wankin ƙoda ya riga ya saba da haki da kasala duk lokacin da ruwa ya taru masa a huhu, sau da yawa kuma zazzaɓi ba ya tashi sosai a jikinsa, sai iyali su ce ai ruwa ne, a bari ranar wanki ta zo, alhali kuwa ƙwayar cuta ce take cin huhun.

A ganina, kuskure mafi muni shi ne fashin wanki don tsoron asibiti, ko don jiki ya yi nauyi. In aka tsallake rana, ruwa ya ƙaru a huhun da tun farko yake fama da kumburi, sinadarin fotasiyam kuma ya hau a jini har ya iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Saboda haka ƙa'idar da ake bi ita ce majinyaci ya sanar da sashen tun kafin ya baro gida in yana tari ko zazzaɓi, a sa masa takunkumi, a keɓe masa ɗaki, ko a mayar da shi zangon ƙarshe na yini bayan sauran sun watse.

Magani ma yana da nasa sharaɗi, tunda ƙoda ce take fitar da magunguna da yawa daga jiki, injin kuma yana wanke wasunsu tare da datti. Don haka maganin mura mai tsanani da ake kira oseltamivir, alal misali, rage adadinsa ake yi, a ba da shi bayan an kammala wanki. Allurar rigakafi kuwa, ko da yake ƙarfinta a jikinsu bai kai na mai lafiya ba kuma yana saurin raguwa, har yanzu tana rage tsananin cuta, shi ya sa ake yi musu ta mura kowace shekara, ake kuma buƙatar ma'aikatan jinya da mutanen gidansu su ma su karɓa.