Gurasar Gero

Yau zancenmu na abinci ne. Kin san burodin da mai shayi yake yankawa a tashar Tasawa ko ta Mayahi. Kin san kuma da fulawa ake yin shi, wato garin alkama. To, alkamar nan ba mu noma ta a Sarkin Hausa. A Nijar kaɗan ake samu, a garaken Abzin da wasu wuraren noman rani. Mafi yawanta daga ƙetare take zuwa. Shi ya sa in duniya ta motsa, sai burodi ya yi tsada a garinmu. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, manyan masu sayar da alkama, kuɗinta ya hau. A 2023 aka rufe iyakarmu da Najeriya, ba a buɗe ba sai 2024. Kin tuna yadda kaya suka yi wuya a lokacin.

Amma hatsi yana rumbunki. Tambayar ita ce: ana iya gurasa da gero? Ana iyawa. Bari mu bi zancen a hankali.

Gurasa dai ita ce burodi mai faɗi, wanda ba ya tashi sama sosai. Sunan daga Larabci ya zo. Mutanen Kano sun shahara da ita. Suna kwaɓa fulawa da yis, su bar ta ta kumbura, su manna ta a jikin tanderu mai zafi. In ta gasu sai a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa. Wannan shi ne bandashe. Abzinawa kuma suna da tasu, tagalla. Su ba su bukatar tanderu. Sai su hura wuta bisa rairayi, in yashi ya yi zafi su kau da garwashi, su binne ƙullun, su mayar da garwashin a kai. In ta nuna a kakkaɓe ta, a gutsuttsura, a ci da miya ko man shanu. Dabara ce ta matafiyi wanda ba ya ɗauke da kayan girki masu nauyi.

Waɗannan biyun galibi da alkama ake yin su. Me ya sa? Saboda alkama tana da danƙo. In kin kwaɓa fulawa kin murza, sai ki ga tana miƙewa kamar roba, ba ta tsinkewa. Gero ba shi da wannan danƙon. Dawa ma haka, masara ma haka. In kin kwaɓa garin gero da ruwan sanyi kika ce za ki faɗaɗa shi, sai ya tsattsage a hannunki. Ba laifinki ba ne, halin hatsin ne. Kowace ƙasa da ke cin irin wannan hatsi ta gamu da matsalar nan, kowace kuma ta samo hanyarta.

Mutanen Sudan da na Chadi suka ce, tun da ba ya miƙewa, a dama shi ruwa-ruwa. Sai su bar ƙullun dawa ya kwana ya yi tsami, su zuba bisa faifan ƙarfe mai zafi, su baza shi siriri kamar takarda. Sunanta kisira. Hausawan da suka tafi hajji a ƙasa a zamanin da, suka zauna a Sudan, jikokinsu ita suke ci har yau. Wannan dabarar ba baƙuwarki ba ce. Masa da kike toyawa a tanda ai ƙullu ne mai tsami, sinasir ma haka. Habashawa su ma haka suke yin tasu, injera, da wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca.

Mutanen Meziko, can nahiyar Amurka inda masara ta fito, suna dafa ta da farar ƙasa ko toka kafin su niƙa. Wannan ne yake sa garin ya kama jikinsa.

Amma wadda na fi so ki gwada ita ce ta Indiya. Ga abin mamaki. Geron nan namu ne. Masu binciken tarihi sun tono alamunsa a arewacin Mali, inda aka noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Daga Afirka ya tafi Indiya tun fiye da shekara 3,000. Yau Indiya ta fi kowace ƙasa noman gero, Nijar kuma tana cikin na gaba-gaba. Indiya ce ma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2023 suna shekarar gero da danginsa. A jihar Rajastan akwai rairayi da raƙuma da ƙarancin ruwan sama, kamar dai arewacin Mayahi. Manoman can gurasar gero suke ci safe da dare. Sirrinsu ruwan zafi ne da murza.

Ga yadda za ki yi. Ki sheƙe geronki, ki tsince tsakuwa, ki wanke ki shanya. Ba sai kin surfa ba. Su can da dusarsa suke niƙawa, kuma a dusar nan akwai abin da ke ƙara jini. Ki kai inji, ki ce a niƙa da laushi ƙwarai, sannan ki tankaɗe. In akwai tsaki a ciki gurasar za ta fashe. Kada ki niƙa da yawa, don garin gero in ya yi kwanaki yakan yi ɗaci.

Ki ɗebi gari cikin ludayi biyu ki zuba a ƙwarya, ki sa gishiri kaɗan. Ki tafasa ruwa, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya. Ruwan zafin yana dafa garin rabi-rabi, kamar yadda talge yake kama tuwo. Nan danƙon yake fitowa. In ya huce har hannu zai iya taɓawa, ki murza da gindin tafin hannu. Nan ne aikin yake, kada ki yi gaggawa. Ki murza, ki naɗe, ki sake murzawa, har ya yi sulɓi ya daina tsagewa a gefe. In ya yi tauri ki jiƙa hannu. In ya yi ruwa ki ƙara gari.

Sai ki cura kamar curin fura. Ki barbaɗa gari a faifai ko tire, ki aza curin, ki riƙa bugawa da tafi kina juya shi har ya yi faɗin hannu biyu. Kaurinsa kada ya wuce rabin ɗan yatsa. Kaskon ƙasa ya fi, amma na ƙarfe ma yana yi. Ya yi zafi tukuna, kuma ba a sa mai. Ki aza gurasar, ki shafa ruwa kaɗan a samanta don kada ta bushe. Da ruwan ya tsane ki juya. In ƙasan ya yi ɗigo-ɗigon ja, ki ɗauke ta ki aza bisa garwashi na ɗan lokaci. Wani sa'in za ki ga ta kumbura. To ta nuna ke nan.

Gaskiya ta farko ba za ta yi kyau ba. Tawa ta fito kamar taswirar ƙasa, yara suka yi ta dariya. Ta uku ko ta huɗu hannu zai gane. In ta ƙi ki sam, ki haɗa gero kashi biyu da fulawa kashi ɗaya har ki saba, daga baya ki rage fulawar.

Da zafinta ake ci. Ki shafa man shanu, ko ki yi mata irin ta Kanawa da ƙuli-ƙuli da yaji. Tana tafiya da miyar kuka, da kwaɗon zogale, da wake. Ba zan ce ta kai burodi laushi ba, kuma ba za ta kori tuwo daga gidanki ba. Amma tana riƙe ciki, ba ta cin itace da yawa, karan dawa ma ya isa. In maigida zai tafi gona da sassafe, ko yaro zai tafi lakwal, ki naɗe musu a tsabtataccen ƙyalle don kada ta bushe. Wadda ta kwana ta yi tauri kuma kada ki zubar. Ki marmasa ta cikin nono, ko ki jiƙa da romo.

Garin dawa ma haka ake yi da shi, sai dai ya fi son ruwan ya tafasa sosai.